Bayani A Kan Munazara Da Karantar Da Tarihin Gini A Zazzau

Maganarmu ta yau a kan gini ce, da hanyar da ta kamata a bi a karantar da yara labarinsa.

Ku sani, wanda duk ya tashi daga Tudun Wada ya nufi Birni ta Ƙofar Doka, yana tafiya ne tsakanin zamani biyu. Ga soro na ƙasa mai zankwaye da indararo, ya jingina yana jiran damina. Ga bene na bulo da kwano ya tsaya kusa da shi, a filin da bara waccan wani soro yake. Kowace shekara na farkon yana raguwa, na biyun yana ƙaruwa. Masu yanke hukuncin rushewa ko bari kuwa ba wasu ba ne, mu ne: attajirin da ya sayi kango, da malamin da aka sa cikin kwamitin masallaci, da yaron da muka tura Samaru ya koyo zanen gini, ya komo ana neman shawararsa. Idan wannan yaro ya haddace sunayen gine-gine da shekarunsu kaɗai, bai taɓa tsayawa ya kāre ɗaya daga cikinsu da hujja ba, to ranar da aka tambaye shi ba shi da abin cewa sai abin da mai kuɗi yake so ya ji.

MAKARANTAR GINI TA ZARIYA

Garin nan shi ne gidan wannan ilmi a Nijeriya. An fara koyar da tsara gine-gine a Kwalejin Nijeriya ta fasaha da kimiyya da sana'a a Ibadan cikin 1952, sa'an nan aka ɗauko sashen aka kawo shi Zariya cikin 1955. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962 sai ta gaje shi. A makarantu irin wannan, ko'ina a duniya, akwai wata al'ada mai kyau: ɗalibi yakan manna zanensa a bango, malamai su zauna su yi ta jifansa da tambaya, shi kuwa yana amsawa. Amma idan aka zo darasin tarihi, galibi sai al'adar ta juya. Malami ya yi ta magana a kan dalar Masar da ginshiƙan Yunanawa da ƙubbobin Istambul, yara suna rubutu, ranar jarrabawa su mayar masa da kayansa.

Abin da muke kira gare shi shi ne a shigo da munazara cikin darasin tarihin nan. Watau malami ya ɗauko mas'ala guda wadda masana suka saɓa a kanta, ya raba ɗalibai gida biyu, kowane gida ya je ya nemo dalili, sa'an nan su zauna gaban alƙali su gwada hujja da hujja.

ASALIN WANNAN HANYA

Kada wani ya ce baƙon abu ne aka aro daga Turawa. Malamanmu sun san fannin da ake kira ladubban bincike da munazara, wanda a cikinsa aka tsara matsayin mai da'awa da na mai tambaya. Ƙa'idarsa babba ita ce: mai ruwaito labari shi ke da nauyin inganta shi, mai yin da'awa kuwa shi ke da nauyin kawo dalili. Ibnu Haldun, a cikin Muƙaddimarsa wadda ya rubuta cikin 1377, ya nuna cewa hanya mafi sauƙi ta samun gwaninta a ilmi ita ce sakin harshe cikin tattaunawa da muhawara, ya kuma yi kukan ɗaliban da ke shekara da shekaru a majalisin karatu bakinsu a rufe, himmarsu duk ta tafi ga hadda. A cikin littafin nan kuma ya keɓe fasali guda ga sana'ar gini. A ƙasarmu ma, wasiƙun da suka gudana tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Alkanemi na Barno munazara ce a rubuce, kuma Bello ya sa maganar abokin jayayyarsa cikin Infaƙul Maisuri, har ga shi muna karanta hujjar kowa bayan shekara fiye da 200.

To, ga mas'aloli uku da za a iya fara gwaji da su, dukkansu kuwa kayan aikinsu suna nan kusa da ƙofar gidanmu.

MAS'ALA TA FARKO: ƘASA KO SIMINTI

Wanda ƙuri'a ta ba shi gefen ƙasa, ba zai iya buɗe baki ba sai ya koyi yadda magina suke aiki. Zai san tubali, wanda ake mulmulawa da hannu a shanya a rana. Zai san azara, wadda ake tsagawa daga giginya, da dalilin da ya sa aka zaɓe ta, watau gara ba ta cika cin ta ba. Zai gane cewa azara guda ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa sai a tazara gajeriya, kamar ƙafa 6, kuma wannan ƙuncin shi ne ya haifi dabarar bakan gizo da ɗaurin guga, inda ake jera azara bisa azara cikin laka, kowace ta ɗan wuce 'yar'uwarta, har ƙafafun baka su gamu a sama. Zai san makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, da katsi da ake kwasowa daga karofi, waɗanda da su ake tsare bango daga ruwa. Sa'an nan zai ce: bango mai kauri yana riƙe zafin rana, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai dare ya yi sanyi, alhali ɗakin kwano da azahar cikin watan bazara kowa ya san halinsa. Zai ƙara da cewa masana sun ƙiyasta yin siminti yana fitar da kimanin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya. Zai kawo shaida daga maƙwabta: masallacin Yama a ƙasar Tawa ta Nijar, wanda Falke Barmu ya fara ginawa da ƙasa cikin 1962, ya sami kyautar Aga Khan cikin 1986, da Faransis Kere, mutumin Burkina Faso, wanda ya gina makarantar ƙauyensu Gando da bulon ƙasa cikin 2001, aka ba shi kyautar Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini, cikin 2022.

Mai gefen siminti shi ma ba zai zo hannu sake ba. Zai ce soro bawa ne mai cin abinci kullum: kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an yi yaɓe, an duba indararo, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A da akwai gayya da hannuwa masu yawa a gida, yau kuwa lada ake biya. Zai ce giginya ta yi ƙaranci, kuma tana shekaru masu yawa kafin ta isa sara. Zai ce fili a Tudun Wada ya yi tsada, ɗan kasuwa yana bukatar bango siriri da bene bisa bene. Zai ba da labarin yadda siminti ya shigo hannun talaka: masana'antar Nkalagu cikin 1957, ta Sakkwato cikin 1967. Kuma zai kawo labarin Hasan Fathi na Masar, wanda ya gina sabon ƙauyen Gurna da tubalin ƙasa tun daga 1945, masana suka yaba, amma mutanen da aka gina dominsu da yawa suka ƙi ƙaura, aikin ya tsaya bai ƙare ba.

Ku duba abin da yaran nan suka kwasa kafin su rabu. Sun koyi kayan gini da asalinsu, da lissafin nauyi, da tarihin ciniki, da halin mutane, duk domin kowane yana tsoron kada abokinsa ya kā da shi.

MAS'ALA TA BIYU: MASALLACIN JUMA'A NA ZARIYA

Wannan ita ce babbar mas'ala. An gina masallacin a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Maginin shi ne Babban Gwani, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, wasu kuma Muhammadu Durugu, har yanzu kuwa akwai unguwa a Birni mai amsa sunan sarautarsa. Masana gini na gida da na waje sun haɗu a kan cewa bakunansa da tulluwansa da adon ginshiƙansa suna cikin mafi girman abin da aka yi da ƙasa da azara a ƙasar Hausa. Wani Bature mutumin Folan, Dumochowski, ya auna shi tare da mataimakansa 'yan Nijeriya, da awon nan aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos. A cikin shekarun 1970 aka yi sabon gini na siminti wanda ya lulluɓe tsohon zauren salla, ya zama ginin Babban Gwani yana cikin cikin wani gini.

Tambayar da za a aza wa ɗalibai ita ce: an kyauta ko ba a kyauta ba? Gida ɗaya zai ce lulluɓin nan shi ya ceci bakunan daga ruwa, kuma masallaci wurin salla ne, jama'a sun yi yawa, dole a faɗaɗa. Zai nuna Kano, inda aka kau da tsohon masallacin ƙasa aka yi sabo a farkon shekarun 1950 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ya ce Zazzau ta fi tausayin kayanta. Ɗayan gida zai ce an tsare ciki an rasa waje, gama fuskar masallacin da rufinsa da yadda ya zauna a gaban fada ba wanda zai sāke ganinsu sai a hoto ko a Jos. Zai nuna Janne ta ƙasar Mali, inda masallacin da aka sāke ginawa cikin 1907 yana nan tsaye a fili, domin kowace shekara mutanen gari sukan fito gaba ɗaya su yaɓe shi. Zai nuna Dandaji a Nijar, inda cikin 2018 aka gina sabon masallaci a gefe, tsohon kuwa aka gyara shi ya zama ɗakin karatu.

Malamai za su gane cewa wannan jayayya tsohuwa ce ƙwarai. Bayan gobarar shekara ta 64 ta Hijira, Abdullahi ɗan Zubairu ya sāke ginin Ka'aba, ya shigar da Hijiri ciki, ya yi mata ƙofa biyu daidai da ƙasa, yana dogara da hadisin da aka ruwaito daga Nana A'isha. Bayan kimanin shekara 10 Hajjaju ya mayar da ita kan fasalin Ƙuraishawa da umarnin Abdulmaliki. Da wani halifa daga Banu Abbas ya so ya komar da ita kan ginin Ɗan Zubairu, sai Imamu Malik ya ba shi shawarar ya bari, domin kada Ɗakin ya zama abin wasan sarakuna, kowa ya hau ya rushe ya gina. Ku lura, Malik ya auna hujjar komawa ga asali da ɓarnar yawan taɓawa, ya rinjayar da bari. Ɗalibin da ya san wannan ya sami ma'auni.

Turawa ma sun yi irin tasu. Raskin na Ingila, cikin littafinsa na 1849, ya ɗauki sabunta tsohon gini a matsayin ƙarya, a ganinsa kula da shi kullum ita ce wajibi. Biyole-le-Duk na Faransa kuwa yana ganin halal ne a cika ginin har ya kai kamalar da watakila bai taɓa kaiwa ba, shi ne ma ya aza wa majami'ar Notar Dam ta Faris doguwar hasumiyarta. Da hasumiyar ta ƙone cikin 2019 sai gardama ta sāke tashi, a yi sabon fasali ko a maimaita na da. Aka tsaya a kan maimaitawa, aka buɗe ginin cikin Disamba 2024. Yaron da ya fara da masallacin garinsu, idan ya iso ga waɗannan sunaye ba za su zame masa baƙi ba, domin ya riga ya ɗanɗana nauyin tambayar.

MAS'ALA TA UKU: ADON BANGO

A tsakiyar ƙarni na 20 magina a Zariya suka shiga zana sababbin abubuwa a fuskar zaure, kamar keke da mota da agogo, a gefen dagi da takobi da sauran zanen da aka gada, suna kuma haɗa siminti da fenti a aikin. Masu gidajen nan da yawa 'yan kasuwa ne da suka sami wadata suna so a sani. Wani masani Bajamushe, Shuwatfega, ya yi shekaru yana bin wannan ado, ya fitar da littafi a kansa cikin 2007. To, keke a bango lalacewar gado ne ko kuwa alamar gadon yana da rai? Mai cewa lalacewa ne sai ya faɗa mana a wace shekara gado ya tsaya, da wanda ya tsayar da shi. Mai cewa rai ne kuwa sai ya faɗa mana inda iyaka take, ko kuwa duk abin da aka manna a bango ya zama gado.

Irin wannan gardama ta taɓa haifar da abu babba a garin nan. Cikin 1958 wasu ɗaliban zane a Kwalejin Nijeriya, cikinsu da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya suna tattauna abin da ake koya musu, suna tambaya ina fasahar iyayensu a cikin darasin Turawa. Suka tsaya a kan gama na gida da na waje. Demas Nwoko ya zama magini, cikin 2023 aka ba shi lambar girma ta aikin rayuwa a babban taron gine-gine na birnin Benis.

SHARUƊƊAN ZAMA

Munazara ba ta amfani sai da ladabi da tsari. Na farko, a tantance wurin saɓani da jimla guda, kowa ya yarda da ita kafin a fara. Na biyu, a raba gefe da ƙuri'a, domin ɗan Birni ya sami kansa yana kāre siminti, ɗan Sabon Gari yana kāre ƙasa. Na uku, kada a karɓi hujjar da ba a je an gani ba: a auna kaurin bango, a zana baka, a zauna cikin soro da ɗakin kwano a sa'a ɗaya a rubuta zafin kowane. Na huɗu, kafin mutum ya yi raddi sai ya maimaita hujjar abokinsa har abokin ya ce haka nake nufi. Na biyar, a rarrabe riwaya da shaida. Ana ba da labari cewa bayan Babban Gwani ya yi gini a Birnin Gwari sai aka kashe shi don kada ya yi wa wani irinsa. Wanda ya kawo wannan sai a tambaye shi daga wa ya ji, shi kuma daga wa, a kuma gaya masa cewa ana ba da irin labarin nan a kan gwanayen magina a ƙasashe da yawa. Wannan aiki ne da almajirin hadisi ya fi kowa saninsa.

Na shida, a sa magini cikin alƙalai. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Sarkin Magina da mutanensa sun san abin da babu shi a littafi, kamar ramin da ƙasarsa ta fi danƙo, da kwanakin da ake barin kwaɓi ya ruɓa, da alamar da bango ke nunawa kafin ya faɗi. Tsofaffinsu suna tafiya, masu gadonsu kuwa da yawa sun koma bulo.

ABIN TSORO A CIKINTA

Imamu Gazali ya yi dogon gargaɗi a cikin Ihya'u a kan cututtukan munazara, kamar hassada da girman kai da ƙin gaskiya idan ta fito daga bakin abokin hamayya. Gargaɗin nan yana nan daram. A aji ma mai kaifin harshe yakan danne mai zurfin tunani. Maganinsa shi ne a ba da maki a kan zane da awo da rubutacciyar hujja, sa'an nan a zama na biyu a musanya gefe, kowa ya kāre abin da ya rushe jiya. Har wa yau, ba kowane abu ne ake jayayya a kansa ba. Shekarar sarautar Abdulkarimu da tsawon azara abin sani ne, sai malami ya karantar da su tukuna. Munazara tana zuwa a kan hukunci, bayan an tara sani, kamar yadda ba a sa yaro jayayyar fiƙihu bai sauke Ahalari da Iziyya ba.

ROƘONMU GA MASU KARATU

Ya ku 'yan kasuwa, idan ɗayanku yana da tsohon zaure, ya buɗe wa ɗalibai su auna su zana, ko da ya riga ya ƙudura rushewa. Kwana biyu sun isa, ba kuwa za su rage masa ko kwabo ba. Idan zai yi sabon gini, ya sa mai zanen ya kawo masa fasali biyu, ya ji hujjar kowane, ya kuma tambayi abin da zai kashe a kan fanka da janareta cikin shekara 10, ba kuɗin bulo kaɗai ba.

Ya ku malamai, idan aka kawo maganar rushe tsohon masallacin unguwa, ku sa a zauna tukuna, a naɗa mutum guda ya yi magana a madadin ginin, wani a madadin bukatar jama'a, a rubuta abin da kowa ya faɗa a ajiye. Watakila hukunci ya faɗa a kan rushewa, kuma ya zama shi ne daidai. Amma na baya za su tarar da awonsa da siffarsa da dalilin da ya sa aka yi haka, su kuma su sami abin yin munazara a kai.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya jiƙan magabata da suka gina mana. Haza wassalamu.